Ciyawar Alhaji Maharazu

A shekarun da kuɗin fetur suka fara malala a ƙasar nan, lokacin da masinja ya hau babur, mai gadi ya rataya rediyo a kafaɗa, babu wanda arziki ya faɗa wa da sauri a Jibiya kamar Maharazu ɗan kamasho. Da can aikinsa tsayuwa a tasha yana ɗaga murya, "Maraɗi, Maraɗi, saura mutum guda," alhali ko direba bai shiga motar ba. Sai gwamnati ta tsunduma cikin gine-gine, siminti ya yi daraja, wani surukinsa ya haɗa shi da masu jigilarsa daga Ikko. Kafin mutane su ankara Maharazu ya sauke farali, ya dawo da haƙorin Makka, kuma tun daga ranar bai sake rufe baki ba don kada wani ya wuce bai gani ba.

Sau ɗaya ya taɓa zuwa Ikko, amma duk wanda ya zauna da shi zai rantse can aka yanke masa cibiya. A wannan zuwan ne wani Kwara, Balarabe mai kanti, ya kai shi kulob ɗin manya, ya ga Turawa da manyan ma'aikata cikin gajeren wando suna bugun wata 'yar ƙwallo a kan ciyawa kore shar, ga shi kuwa tsakiyar rani. Ya tambaya wa ke yi mata ban ruwa, aka ce masa ai ta roba ce, saƙa ta ake yi a masana'anta. Kwaran ya matso ya raɗa masa cewa manyan kwangilolin ƙasar nan duk a bakin irin wannan fili ake raba su, ofis sa hannu kawai ake zuwa yi. Da ikon Allah kuma, Kwaran yana da ragowar ciyawar a sito. Maharazu ya saye ta kaf.

Ran da ya dawo, ko ruwa bai sha ba ya nufi gindin bedin da suke zaman majalisa. Ya gyara babbar riga, ya dubi mutane ɗaya bayan ɗaya da tausayi.

"Duniya ta tahi ta bar ku kuna shan shayi," in ji shi. "Ni filin tanis zan yi a bayan gida."

Lado mahauci, maƙwabcinsa da katanga ɗaya ta raba su, ya ajiye kofi. "A bayan gida, Alhaji? Mu dai abin da muka san ana yi a can, a tsugune ake yin shi, kuma ba a gayyatar 'yan kallo."

"Bayan ɗakuna nake nufi, jahili. Inda Hajiya ke ɗaure awaki."

"Ita Hajiyar ta sani?"

"Za ta gani."

Bubakar, mutumin Maraɗi, direban babbar motar da ta ɗauko kayan, ya sosa ƙeya. "Ciyawar ga, Alhaji, in an shuka ta yaushe take kai yanka?"

"Ba a shuka ta, shimfiɗawa ake yi. Ba ta shan ruwa, ba ta bushewa."

"Bisashe na ci?"

"Ba ta ciwuwa."

"To mi ne ne amfaninta?"

Maharazu ya yi murmushi har haƙorin ya haska. Ya ce su saurara su ƙaru. Gwamnati na gina makarantu a kowane ƙauye, daga Bugaje har Mazanya, kowace makaranta kuwa sai an yi mata filin wasa. Aikin duka yana hannun wani Injiniya Ummaru a Katsina. Ran da Injiniya ya taka ciyawar nan da ƙafarsa, ya ga abin da bai taɓa gani ba a arewa kaf, wa zai ba kwangilar? Mahauci?

Lungun gidan ya yi wa babbar mota ƙunci, don haka aka sauke kayan a ƙofar masallacin unguwa, naɗi-naɗi, kore kamar sabon ganye. Liman ya fito ya gani, ya shafa, idonsa ya kawo ƙwalla. Ana sallame la'asar ya miƙe ya ce jama'a su tsaya. Ya ce ga bawan Allah nan, bai gaya wa kowa ba, ya je har Ikko ya sayo wa ɗakin Allah darduma irin wadda ko a birni babu. Aka ɗaga hannu aka yi ta kwarara addu'a. Maharazu ya buɗe baki zai gyara zance, sai ya ji Liman na ambaton sunan mahaifinsa da na kakansa, ana amsawa da amin. Bai san lokacin da ya ce, "Allah gafarta Malam, ai ba komai, a ɗauki naɗi guda tukuna" ba.

Kafin Juma'a ta zagayo, duk magidancin unguwar da ka gani goshinsa ɗigo-ɗigo yake kamar an yi masa tsaga da allura. Aka naɗe ciyawar aka jingina a kusurwa, amma kyauta ce, ba ta komawa.

A gida kuwa Hajiya Rabi'a ta dawo daga gidan suna ta tarar an kwance mata awaki, an sare zogalenta, an tumɓuke murhun da take suyar ƙuli-ƙuli tun kafin mijinta ya san ƙofar banki. Ta tsaya da mayafi a hannu.

"Alhaji, yaƙi aka yi?"

"Ci gaba ne, Hajiya. Nan da 'yan kwanaki manyan ƙasar nan za su zo gidanki suna tsalle."

"Su yi tsallensu a gidajensu mana. Ni ina zan yi suya?"

"Matar ɗan kwangila ba ta suya."

"Matar ɗan kamasho ta yi, kuma da ita ya ci tuwo shekara da shekaru."

Ya yi kamar bai ji ba. Ta kwashe kaskonta ta koma tsakar gida, ta ɗaure awakin a ƙofar turakarsa.

Da kansa Maharazu ya tsaya a kan aikin daɓen siminti, yana nuni da sandar lema, domin a cewarsa maginan Jibiya ɗakin kaji kawai suka iya. Da daɓen ya bushe sai ya fito da gangare, kan tudu wajen ɗakuna, ƙasa wajen katangar Lado. In ka ajiye ƙwallo a tsakiya, da kanta take tashi ta yi tafiyarta ta shige kwatar da ta ratsa gidan mahauci. Maharazu ya ce haka na Ikko yake, don ɗan wasa ya huta da tsinto ƙwallo. Da aka shimfiɗa ciyawar, saboda naɗin da masallaci ya ci, ba ta kai ƙarshe ba. Ya sa aka shafe ragowar da koren fenti, ya ce daga nesa babu mai ganewa.

Daga nesa kuwa aka gane, amma ba mutane ba. Bazara ce, ko'ina ƙasa ta yi fari, babu ɗanyen ganye daga nan har Maraɗi. Ragunan Lado da yake kiwo don yanka suka hango kore ta kwatar, suka yi ta dukan katanga har suka faɗa da wani sashe. Awakin Hajiya suka tsinke igiya suka bi sahu. Maharazu ya fito ya tarar da su sun duƙufa, kowa na fizga yana taunawa yana tofarwa, yana sake gwadawa a wani wuri, ko can ta fi daɗi.

"Lado, zo ka kwashe dabbobinka," ya faɗa ta saman katanga.

Lado ya leƙo. "Ai kai ka ce ba ta ciwuwa."

"Ba ta ciwuwa mana."

"To ka gaya masu. Ni na gaya masu, ba su yarda ba."

Wannan duk wasa ne a kan abin da ya faru ranar Lahadi, ranar kasuwa. Wani Buzu da ya kawo kanwa ya durƙusar da raƙuminsa a inuwar katangar gidan ya shiga kasuwa. Raƙumin ya miƙe, ya zura wuya ta sama, ya kama bakin ciyawar ya ja. Da yake shimfiɗa ta kawai aka yi, ba a kafe ta da komai ba, sai ta biyo shi gaba ɗaya. Raƙumin ya waiwaya ya ga gona sukutum na bin sa, ya firgita ya zuba a guje, wani zare ya sarƙe a sirdinsa. Ya ratsa 'yan hatsi, ya share 'yan tumatir, ya miƙi hanyar iyaka yana jan fili a bayansa. Maharazu na biye cikin motar Bubakar, ya fito da rabin jiki ta taga yana kiran a tare.

Sai a shingen duwan, ma'aikatan kwastan na Nijar, aka samu aka tsayar da shi. Babbansu ya zagaya kayan, ya tsuguna ya shinshina, ya tambaya da Faransanci. Bubakar ya yi tafinta.

"Ya ce, in ciyawa ce, ina aka yanko ta? In darduma ce, mi ya sa raƙumi ke ci?"

"Gaya mashi filin wasa ne."

Bubakar ya faɗa. Mutumin ya kira abokan aikinsa, aka sake faɗa masu, suka yi dariya har ɗaya ya zauna a ƙasa.

"Mi ya ce?"

"Ya ce shekarunsa da yawa a bakin iyakar ga, ya ga an tsallaka da fetur, ya ga an tsallaka da atamfa, amma yau ya fara ganin fili ya yi ƙaura. Ya ce ka ɗauki abinka, kuma in ka koma ka ɗaure shi."

Maharazu ya dawo da ciyawarsa, duk ƙura da yawun raƙumi, yana huci. Amma a hanya ya ga ma'aikatan da ke gyaran titi suna dafa kwalta, sai fuskarsa ta washe. Abin da ya riƙe titi manyan motoci na bi ta kansa, zai kasa riƙe ciyawa? Ya sayi gangunan kwaltar aka biyo shi da su. Shugaban ma'aikatan ya fara cewa wani abu game da tsakuwa da kuma rana, Maharazu ya katse shi, ya ce shi a Ikko ya ga yadda ake yi.

Ana haka saƙo ya iso cewa Injiniya Ummaru zai biyo ta Jibiya ranar Asabar, kuma ya amsa gayyata. Maharazu ya sa aka malala kwaltar a kan daɓen, da kauri, don a cewarsa rowa ce ke ɓata aiki. Aka shimfiɗa ciyawar a kai, aka bi da turmi aka danne. Da sanyin safiya ya je ya ja da hannu biyu, ko motsi ba ta yi ba. Ya aika a gaya wa Buzun nan ya kawo raƙumin nasa in ya isa.

Saura raga da abin bugu. Raga dai Kwaran bai sa a cikin kaya ba, sai aka aro ragar da ake ɗaura wa jaki kayan albasa, aka ɗaure ta tsakanin turaku biyu. Raket kuwa, wato abin bugun mai kama da rariya da doguwar ƙota, guda biyu ya sayo, amma ɗaya kawai ya gani a ƙarƙashin gado.

"Hajiya, ina ɗayan?"

"Wanne? Matsamin nan da ka kawo mani tsaraba?" Ta ɗauko shi daga bayan kasko. Katakon yana nan, ya sha mai yana ƙyalli, tsakiya kuwa babu komai sai rami. "Ba shi da kirki, Alhaji. Sau ɗaya na tsoma shi a mai ya narke. In ka koma ka sayo na ƙarfe."

Dole abokin karawarsa ya yi haƙuri da faifai. Abokin karawar kuwa Bubakar ne, domin ya taɓa cewa ya ga Nasara suna yi a Maraɗi ta ramin katanga.

Ranar Asabar bayan azahar, rana ta tsaya a tsakiyar ka kamar da gayya. Gidan ya cika, yara a kan katanga, mata a soron maƙwabta, Liman da jama'arsa a kan benci. Injiniya Ummaru ya iso, dogon mutum mai sanyin magana, da kaftani fari da takalmi sau-ciki mai sheƙi. Aka ajiye masa kujera a kan ciyawar, a gefen raga, don ya ji laushinta da ƙafarsa.

Sai ga Maharazu ya fito cikin singileti da gajeren wando fari, tumbi a gaba, ƙafafu kamar muciya. Liman ya sunkuyar da kai ya shiga jan carbi. Daga saman soro aka ji wata tsohuwa tana tambaya ko ɓarayi ne suka tuɓe shi.

"Yallaɓai," in ji Maharazu, yana nuni da raket, "abin da kake gani ɗin nan, daga nan har Ikko babu na biyunsa. Ruwa ba ya ɓata shi, rana ba ta taɓa shi."

Injiniya ya ɗan ja hanci. "Kamar ina jin warin titi."

"Warin inganci ne, yallaɓai."

Kafin a fara sai da aka yi gardamar lissafi. Maharazu ya ce wanda ya fara ci sha biyar yake da shi. Bubakar ya ce ƙarya ne, ta yaya mutum zai ci sau guda a ba shi sha biyar, ko a kasuwar Jibiya ba a irin wannan cuwa-cuwar. Lado ya ce a bar su su buga tukuna, lissafi ya zo daga baya.

Maharazu ya jefa ƙwallo sama, ya kai mata duka da ƙarfinsa duka, ya kuskure. Ya sake, ya kuskure. A na gaba ya same ta, ta tsallake raga, Bubakar ya rufe ido ya kai faifai, da tsautsayi ta dawo. Ta faɗo can gefe, ta tsaya cak inda ta faɗi, ko tsalle ba ta yi ba. Maharazu bai lura da wannan ba. Ya zabura zai bi ta, ƙafarsa ta tafi, takalmin ya ƙi. Ya taka da safa, safar ma ta zauna. Ya yi tangal-tangal, ya yi iyo a iska da hannu biyu, ya zauna daɓas a tsakiyar fili.

Sai a lokacin kowa ya ga abin da ke faruwa. Kwaltar ta narke a ƙasa, tana tsattsafowa ta tsakanin ciyawar, baƙa, tana ƙyalli.

"Salon wasan ne," in ji Maharazu daga zaune. "A Ikko ma ana hutawa."

"To tashi mana," in ji Lado.

Ya yunƙura, wandon ya ce bai san zancen ba. Ya dafa da hannu, hannun ya zauna. Ya juya gefe don ya ƙwace hannun, gemunsa ya taɓa ƙasa. Zafi kuma ya fara ratsa wandon, sai ya bar zancen Ikko ya shiga salati.

Injiniya Ummaru, mutumin kirki, ya miƙe zai kai agaji. Kujerar ta riga ta nutse, takalmansa kuma sun kafe. Ya yi ja, ya fito da ƙafa tsirara, ya taka gaba, gefen kaftaninsa ya kwanta a kwalta. Ya tsaya da ƙafa ɗaya a sama kamar zalɓe, yana duban jama'a, babu wanda ya iya zuwa.

A ƙarshe Bubakar ya cillo igiyar ɗaure kaya daga inda aka shafa fenti, wanda shi kaɗai ne wurin da ke takuwa a filin. Aka fara fitar da Injiniya. Sannan aka zarga wa Maharazu igiyar a hammata, majiya ƙarfi suka kama, Lado na ba da baki kamar ana kayar da sa. Aka ja, aka sake ja, sai aka ji ƙyat. Maharazu ya taso, amma da ciyawa faɗin tabarma manne a bayansa, wandon kuwa rabi ya biyo shi, rabi ya zauna a fili. Matan soro suka ja mayafi suka rufe fuska, suna leƙe ta gefe. Liman ya tashi ya ce shi yana da ɗaurin aure.

A ƙofar gida aka tsugunar da shi, domin Hajiya Rabi'a ta ce ba za a shigar mata da titi ɗaki ba. Ta miƙo galan na kalanzir da soson wanke tukunya, 'yan tasha suka yi ta dirza, wanzami ya zo ya sauke gemun gaba ɗaya. Ana cikin dirzar Injiniya ya fito cikin aron silifas ɗin Lado, zai shiga mota. Maharazu ya ɗago kai, kalanzir na ɗiga daga kunnensa.

"Yallaɓai, maganar makarantun nan fa?"

Injiniya ya dube shi, ya dubi kaftaninsa. "Alhaji, yaran mutane ne. So muke in an tashi su koma gida."

Ya rufe ƙofa, mota ta tashi.

Sai da aka kwana biyu ba a ga Maharazu ba. Ran da ya fito majalisa, haɓa fes kamar ta ango, aka matsa masa wuri a benci ya ce ya fi son tsayuwa, likitocin Ikko sun ce zama na kawo ciwo.

"To wa ya ci wasan?" in ji Lado.

"Ni mana. Bubakar ya bugo ƙwallo ta mutu a gidana, ba ta koma mashi ba har yau. Kuma laifin rana ne, ranar Jibiya ba ta waye ba. Na gano kuskuren, garin nan abin sanyi yake so. A kulob ɗin nan akwai wani tafki na siminti, ruwa garai-garai, manya na iyo a ciki. Rami kawai za a haƙa a tsakar gida, zurfin mutum biyu."

Lado bai ƙarasa shayinsa ba. Ya tashi ya yi gida, ya leƙa ta katanga ya kira Hajiya Rabi'a.

Da Maharazu ya koma gida da yamma ya shiga neman diga, babu. Shebur, babu. Fartanya, galma, har ɗan wuƙar da ake fere kabewa, duk babu.

"Hajiya, ina kayan haƙan gidan nan?"

"An zo aro."

"Duka?"

"Duka." Ta ajiye masa kwanon tuwo da ruwan wanke hannu. "Ka ci da hannu, Alhaji. Cokulan ma na bayar."